Gyare-gyaren da ke kare gida daga gobarar daji, su kuma ɗaga darajarsa: abin da Kalifoniya ta koya

A ranar 8 ga Nuwamba, 2018, gobarar daji da aka yi wa laƙabi da Camp Fire ta afka wa garin Paradise da ke arewacin jihar Kalifoniya a Amurka. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone. Da ƙura ta lafa, 'yan jaridar kamfanin McClatchy sun bi bayanan gidajen da wutar ta ratsa, suka kasa su biyu. A cikin waɗanda aka gina bayan shekarar 2008, kashi 51 cikin 100 sun fita ba tare da lahani ba. A cikin waɗanda aka gina kafin nan, kashi 18 ne kacal suka tsira.

A 2008 ɗin ne jihar ta fara aiki da sabuwar dokar gini ta yankunan da gari ya haɗu da daji, wadda ta ƙayyade irin rufi, bango, taga da mashigar iskar da za a sa wa sabon gida. Waɗannan ƙa'idoji su ne yau masu tsofaffin gidaje ke bi suna gyara nasu, domin a jihar an kai matsayin da tsirar gida, samun inshorarsa da kuɗin da zai yi a kasuwa duk sun rataya a kan abu guda. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, gyaran da ya fi amfani sau da yawa shi ne mafi araha, na'urori masu tsada kuma su ne na ƙarshe a layi.

Yadda wutar daji ke cin gida

Hoton da yawancinmu muke da shi a rai shi ne na harshen wuta mai tsawon bene yana tahowa yana lashe gidaje. Masu bincike sun gano cewa mafi yawan gidaje ba ta wannan hanya suke kamawa ba. Garwashi ne ke cin su: gutsattsarin ɓawon itace, ganye da katako masu ci da wuta, waɗanda iska ke ɗauka ta yi gaba da su, wani lokaci fiye da kilomita ɗaya kafin wutar kanta ta iso. Suna zuba kamar ruwan sama, su taru a lungu, su shiga kowace kafa. Idan suka sami busasshen ganye a kan rufi ko tarin itace a jikin bango, sai ƙaramar wuta ta tashi, kuma a lokacin an riga an kwashe mutanen unguwa, babu mai zuba mata ko bokiti ɗaya.

Jack Cohen, wani mai bincike a hukumar kula da dazuzzuka ta Amurka, shi ne ya yi fice wajen bayyana wannan a ƙarshen shekarun 1990. A gwaje-gwajen da aka yi a arewacin Kanada, an kafa bangayen katako a nisa daban-daban aka cinna wa dajin da ke gabansu wuta. Wasu daga cikin na nisan mita 10 sun kama, amma na mita 20 da 30 ba su kama ba. Daga nan ya nuna cewa makomar gida tana hannun gidan kansa da abin da ke kewaye da shi zuwa kimanin mita 30.

Cibiyar IBHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta ɗora a kan wannan. A ɗakin gwajinta da ke jihar South Carolina akwai manyan fankoki 105 da ke hura garwashi kan cikakken gida, ana kallon inda wuta ke fara kamawa. Kusan duk shawarwarin da ke ƙasa daga irin wannan gwaji da kuma binciken gidajen da suka ƙone suka fito.

Rufi ne farko

Rufi ya fi kowane sashe na gida faɗi a fuskar sama, shi ya sa garwashi ya fi sauka a kansa. A Amurka ana raba kayan rufi aji uku bisa jure wuta: A, B da C, inda A ya fi ƙarfi. Kwano, tayil na yumɓu ko siminti, da fallayen kwalta masu zaren gilashi duk kan shiga ajin A idan an ɗora su yadda ya kamata. Mafi haɗari shi ne rufin fallayen katako, wanda a da ake yayinsa saboda kyau. Gobarar Bel Air ta 1961, wadda ta cinye gidaje 484 a Los Angeles, ta nuna yadda irin wannan rufi ke kamawa, sannan ya zama shi kansa mai watsa garwashi kan maƙwabta. Birnin ya haramta sabon rufin katako a 1989.

Canza rufi yana cikin ayyuka mafi tsada, amma wanda ke da rufin katako ba shi da abin da ya fi wannan gaggawa. Wanda ke da tayil kuma kada ya saki jiki. Ƙarƙashin lanƙwasar tayil, a bakin rufi, akwai kafofin da tsuntsaye ke shiga su yi sheƙa, sheƙa kuwa busasshiyar ciyawa ce. Toshe waɗannan kafofi da siminti ko ƙarfe aikin kwana ɗaya ne.

Indararo da mashigar iska

Indararon da ya cika da ganye makamashi ne da aka jera a daidai bakin rufi. Idan na roba ne, zai narke ya faɗo ƙasa da wutarsa, a gindin bango. Na ƙarfe ya fi, musamman idan an rufe shi da murfin ƙarfe mai hana ganye taruwa. Ko da murfin, sai an riƙa dubawa kafin lokacin rani.

Gidajen Amurka suna da kafofin shan iska a saman silin da ƙarƙashin daɓe, don kada danshi ya ruɓar da katako. Ta nan garwashi ke shiga ya sami kwalaye da tarkace, gida ya ƙone daga ciki alhali bangonsa na waje lafiya lau. Tsohuwar raga mai manyan idanu ba ta tare komai. Abin da ake so a Kalifoniya shi ne ragar ƙarfe mai ido tsakanin milimita 1.6 zuwa 3.2. A Ostireliya, inda gobarar ranar 7 ga Fabrairu, 2009 ta kashe mutum 173 a jihar Victoria, ƙa'idar gini ta AS 3959 ta tsaya a kan milimita 2. Ragar roba ba ta da amfani a nan, domin narkewa take yi.

Akwai kuma mashigar iska ta zamani, irin ta Vulcan, mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da aka shafe da wani sinadari. Idan zafi ya yi yawa sai sinadarin ya kumbura ya toshe ramukan da kansa, ba lantarki, ba batir. A duk kayan fasahar da ake tallatawa, wannan na cikin waɗanda suka fi cancantar kuɗinsu.

Mita ɗaya da rabi na farko

Dokar Kalifoniya ta daɗe tana buƙatar mai gida a yankin haɗari ya gyara filin da ke kewaye da gidansa har zuwa kimanin mita 30: a yanke ciyawa, a rage rassan ƙasa, a bar tazara tsakanin bishiyoyi. A 2020 majalisar jihar ta ƙara wani yanki na musamman, wato mita 1.5 na farko daga jikin bango, wanda ake kira yanki na sifili. Manufar ita ce kada a bar komai mai cin wuta a wurin.

Dalilin a fili yake. Idan iska ta bugi bango, garwashin da ta ɗauko a gindinsa yake zubewa. Abin da ya tarar a nan shi ke yanke hukunci. Idan ɓawon itace ne da aka shimfiɗa wa furanni, ko shuke-shuke masu mai a jiki, ko kwandon shara na roba, ko tabarmar bakin ƙofa, wuta za ta tashi a jikin gida. Idan tsakuwa ce ko daɓen siminti, garwashin zai mutu a wurin. Itacen girki ko na ɗumama ɗaki a matsar da shi aƙalla mita 9.

Gobarar Lahaina a tsibirin Maui na Hawai, a ranar 8 ga Agusta, 2023, ta kashe mutum kusan 100, ta share yawancin garin. Hoton wani gida mai jan rufi da ya tsaya cik a tsakiyar toka ya zagaya duniya. Gidan katako ne mai kusan shekara 100. Ba da jimawa ba kafin gobarar masu shi suka canza rufinsa zuwa kwano mai kauri, suka sare shuke-shuken da ke jikin bango, suka zuba duwatsu kewaye da shi. Gara suke gudu lokacin da suka yi wannan aiki. Tazarar da ke tsakaninsa da sauran gidaje ita ma ta taimaka, amma rufin da duwatsun su ne ainihin abin da masana ke ta faɗa.

Shinge da dandamali

Shingen katako da ya haɗe da bango kamar lagwani yake: yana jan wuta daga bakin titi ko gidan maƙwabci har jikin ɗaki. An ga haka a gobarar Marshall ta jihar Kolorado, ranar 30 ga Disamba, 2021, wadda ta fara a matsayin wutar ciyawa, iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa ta kora ta cikin unguwanni, ta ƙone gidaje sama da 1,000. Ba sai an rushe shinge duka ba. Ya isa a mayar da mita 1.5 na ƙarshe, wanda ya taɓa gida, ya zama ƙyauren ƙarfe ko ginin bulo.

Dandamalin katako da ake shan iska a bayan gida shi ma wurin kulawa ne. Ƙarƙashinsa kan zama ma'ajiyar tarkace, tsakanin allunansa kuma ganye ke maƙalewa. A kwashe na ƙasa, a kewaye shi da ragar ƙarfe, a sa fallen ƙarfe a inda ya haɗu da bango. Mai hali ya mayar da shi daɓen siminti ko na dutse.

Tagogi, bango da ƙofar gareji

Gilashin taga mai falle ɗaya yana tsagewa da zafi tun kafin harshen wuta ya taɓa shi, da zarar ya zube kuwa ƙofa ta buɗe wa garwashi. Maganin shi ne taga mai falle biyu, aƙalla ɗaya ya zama gilashin da aka gasa, wanda ya ninka na yau da kullum ƙarfi kusan sau huɗu. Irin wannan taga tana rage zafi da sanyin da ke shiga ɗaki, don haka kuɗin lantarki ma yana sauka. A lura da firam: na roba zalla yana iya laushi ya saki gilashin.

A bango, fallayen roba suna narkewa su bar katakon ciki a buɗe. Filasta, bulo, dutse da allunan siminti mai zare sun fi jurewa. Wanda ba zai iya canza bango duka ba, ya tabbatar santimita 15 na ƙasa, inda garwashi ke taruwa, ba mai cin wuta ba ne.

Ƙofar gareji tana da matsala biyu. Ta farko, kafar da ke ƙasanta da gefenta, wadda ake toshewa da madauri na musamman. Ta biyu ta shafi rai kai tsaye: a gobarar 2017 a arewacin Kalifoniya an sami mutanen da suka kasa fitar da motocinsu saboda an ɗauke wuta, ƙofar mai aiki da lantarki ta ƙi buɗewa. Tun daga 1 ga Yuli, 2019, dokar jihar ta wajabta cewa duk sabon injin buɗe gareji ya zo da batirin ko-ta-kwana.

Na'urori: wanne ke aiki, wanne ke ruɗi

Kamfanoni da dama suna sayar da na'urorin fesa ruwa a kan rufi da kewayen gida, wasu ana kunna su ta waya daga nesa, wasu suna haɗa ruwan da kumfa. Suna iya taimakawa, amma suna da sharuɗɗa. Suna buƙatar ruwa mai yawa na sa'o'i, alhali lokacin babbar gobara ƙarfin ruwan famfo yana faɗuwa, kamar yadda ya faru a unguwar Pacific Palisades a Janairun 2025, lokacin da gobarar Palisades da ta Eaton suka ƙone gine-gine sama da 16,000 a yankin Los Angeles. Suna buƙatar lantarki, alhali kamfanonin wuta a jihar da gangan suke yanke layi idan iska ta yi ƙarfi, don kada waya ta tsinke ta tada gobara. Iskar da ke kawo garwashin kuma ita ce ke karkatar da feshin. Wanda zai sa irin wannan na'ura sai ya tanadi tankinsa, injin turo ruwansa da wutarsa, kuma ya sa ta bayan ya gama gyaran rufi da gindin bango.

Sola mai batir tana da amfani ta wannan fuska, domin tana riƙe firji, injin ruwa da intanet idan an yanke wuta, kuma masu sayen gida suna ganin ƙimarta. Matatar iska mai ƙarfi tana rage hayaƙin da ke shiga ɗaki, wanda kan addabi garuruwa na makonni ko da wutar tana nesa.

Ta fuskar samun labari da wuri, jami'ar Kalifoniya ta San Diego tana tafiyar da shirin ALERTCalifornia mai kyamarori sama da 1,000 a kan tsaunuka, inda ƙirƙirarriyar basira ke taimakawa wajen hango hayaƙi. Manhajar Watch Duty, wadda wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙaddamar a 2021, tana tattara bayanan gobara da umarnin kwashe mutane zuwa wayar hannu. Waɗannan rayuka suke ceta, domin suna ba mutum lokacin fita. Gidan da aka bari a baya kuwa, gyaran da aka yi masa tun farko ne kaɗai zai tsaya masa.

Ta ina darajar ke shigowa

A Amurka yawancin mutane da lamunin banki suke sayen gida, banki kuma ba ya ba da lamuni sai gidan yana da inshora. A watan Mayun 2023 kamfanin State Farm, wanda ya fi kowa yawan masu inshorar gida a Kalifoniya, ya daina karɓar sababbin masu nema a jihar, ya ambaci haɗarin bala'o'i da tsadar gini. Waɗanda aka ƙi sukan koma shirin FAIR Plan, mafakar ƙarshe da aka kafa tun 1968, wanda kariyarsa taƙaitacciya ce kuma sau da yawa ya fi tsada. Gidan da inshorarsa ke da wuyar samu masu sayensa kaɗan ne, idan masu saye suka ragu kuwa farashi ya faɗi.

A 2022 kwamishinan inshora na jihar, Ricardo Lara, ya fitar da ƙa'idar da ta tilasta wa kamfanoni yin rangwame ga wanda ya yi gyare-gyaren kariya, irin su rufin ajin A, raga a mashigar iska da share mita 1.5 na farko. Rangwamen kan zama kaɗan idan aka gwada da kuɗin aikin. Babbar ribar ita ce gidan ya ci gaba da zama wanda kamfani zai yarda ya ɗauka. A shekarar ce kuma IBHS ta fito da takardar shaida mai suna Wildfire Prepared Home, wadda ake bayarwa bayan an zo an duba gida.

Ɓoye lahani ma ya yi wuya. Tun 2021 dokar jihar ta sa mai sayar da tsohon gida a yankin haɗari ya sanar da mai saye raunin gidan ta fuskar gobara, ya kuma kawo shaidar gyaran fili. Shafin dillancin gidaje na Realtor.com yana nuna makin haɗarin gobara na gidaje tun 2022, kamfanonin inshora kuma suna duba rufi da bishiyoyi ta hotunan sama.

Akwai wata dacewa mai daɗi. Rahoton shekara-shekara na Cost vs. Value, wanda ke kwatanta kuɗin gyara da abin da yake ƙara wa farashin gida, ya daɗe yana nuna cewa ayyukan waje sun fi na ciki mayar da kuɗi. A na 2024, sabuwar ƙofar gareji, ƙofar shiga ta ƙarfe da adon dutse a fuskar gida su ne a sama, kowanne ya mayar da fiye da abin da aka kashe. Duka ukun kayan da ke taimakawa wajen jure wuta ne.

Nawa ake kashewa, da me za a fara

Cibiyar bincike ta Headwaters Economics ta nuna a 2018 cewa gina sabon gida da kayan jure wuta kusan kuɗi ɗaya ne da gina na yau da kullum. Gyaran tsohon gida ne ke da faɗi: ƙiyasinta na baya ya fara daga kimanin dala 2,000 har ya haura 100,000 idan za a canza rufi, bango, tagogi da dandamali gaba ɗaya.

Saboda haka tsari ya fi yawan kuɗi muhimmanci. A fara da abin da ba ya cin komai sai ƙarfi: share rufi da indararo, kwashe tarkace daga gindin bango da ƙarƙashin dandamali. Sai na ƙaramin kuɗi: raga, tsakuwa, ƙyauren ƙarfe, madaurin ƙofa. Sai manyan ayyuka, a yi su idan lokacin canjinsu ya zo, ban da rufin katako wanda ba ya jira. Na'urori su zo daga ƙarshe. Wanda ya sa tagar dala dubbai ya bar tarin itace a ƙarƙashinta bai yi komai ba.

Gida ɗaya ba ya tsira shi kaɗai

Binciken masana da ya biyo bayan gobarar Paradise ya nuna cewa kusancin gida da wani ginin da ya kama yana cikin abubuwan da suka fi tasiri. Gidan da ke ci yana fitar da zafi na tsawon lokaci, fiye da bishiyar da ke ƙonewa cikin minti ɗaya ko biyu. A unguwar da gidaje suka matsu, gyaran mutum ɗaya yana da iyaka. Shi ya sa shirin Firewise USA ke tara maƙwabta su duba unguwarsu tare, su yi aikin gayya. Ƙa'idar rangwamen Kalifoniya ma ta lissafa zama a irin wannan unguwa cikin abubuwan da ake yi wa sauƙi.

A nan ne darasin ya taɓo mu. Tsarin inshora da lamunin Amurka daban yake da namu, gidajen bulo da kwano kuma sun fi na katako jurewa. Amma duk wanda ya san hunturu ya san yadda wutar da mafarauta ko masu share gona suka cinna ke tsallaka hanya idan iska ta taso. Dangar kara da ta haɗe da ɗaki, harawar da aka tara a kan rufi, rumbun da ke jikin jinka, da kafar da ke tsakanin kwano da bango, duk hanyoyi ne da garwashi ke bi, iri ɗaya da shingen Kolorado da indararon Paradise. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin iskar bana ta kankama, a zagaya gida a duba abin da ke cikin taku biyu daga bango, a matsar da duk abin da ashana ɗaya za ta iya kamawa.